Jirgin Sally Wren da Bayi Arba'in

Glenwood, Greensboro
9 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Zahara,

Gwaggo, na yi wani abu makonni biyu da suka wuce wanda ban gaya wa kowa ba, ko Mama. Amma bari in fara gaishe ki yadda kika koya mini. Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya gwiwar taki? Yaya Hajiya Babba da kowa da kowa? Mu lafiya lau. Baba yana fama da karatunsa a jami'a. Mama tana nan a kantin titin Wendover, ƙafafunta suna kumbura saboda tsayuwa, amma ta ce da sauƙi. Sanyi ya fara shigowa.

Zan ba Alhaji Tassiou wannan takarda, ɗan Nijar ɗin nan mai kai motoci gida, ya ce zai bi ta Zariya. A waya ba zan iya faɗa ba, don Mama tana buɗe muryar wayar kowa na ji.

Shekara biyu ke nan da zuwanmu, ƙawa ɗaya tak na yi. Sunanta Confidence. Baƙar fata ce 'yar ƙasar nan, kakanninta da kakannin kakanninta duk nan aka haife su. Ita ta fara yi mini magana a bas ɗin makaranta. Ta ce, "Ke kurma ce, ko rowar murya kike yi?" Tun daga ranar take ajiye mini wuri kusa da taga.

Bana malamar tarihi ta raba mu biyu-biyu, kowa ya binciko labarin wani tsohon abu na jihar nan, a nuna wa iyaye a watan Maris. Confidence ta zaɓa mana wani ƙaramin jirgin ruwa na zamanin da, marar inji, iska ce ke tura shi. Sunansa Sally Wren. An sassaƙa shi a shekarar 1826 a wani ɗan gari bakin teku, garin da kakar Confidence ta fito. Tsawonsa ƙafa sittin kacal, bai kai tsakar gidanmu na Zariya ba. Dogayen sanduna biyu gare shi a tsaye, ana ɗaura musu manyan ƙyallaye su tare iska. Mutum biyar ke tafiyar da shi, har da kuku. Yakan kai kwalta da katako da masara tsibirai, ya dawo da gishiri da sukari. In iska ta ɗauke, sai su zauna a tsakiyar ruwa kwana uku, kwana huɗu, suna kallon juna ba abin cewa. Confidence ta ce, "Kamar ke a aji."

Duk Asabar Baba yakan kai ni gidan kakanninta a Pleasant Garden, muna yin ɗan ƙaramin kwaikwayon jirgin da katako a gareji. Ita da kakanta suke yin gangar jikin. Ni nake ɗinka ƙyallayen, don na ce mata gwaggota ta koya mini ɗinkin hannu.

Rannan malama ta kawo hoton wata tsohuwar takarda daga laburare. A shekarar 1833 Sally Wren ya yi wata tafiya ba da kwalta ba. Mutum goma sha ɗaya ya ɗauka zuwa New Orleans a sayar da su. An rubuta sunan kowa da shekarunsa da tsayinsa. Ta ƙarshe yarinya ce 'yar shekara tara, sunanta Hetty. Malama ta karanta mana. Sai ta ce ko akwai wanda a gidansu ake ba da labarin zamanin bauta.

Gwaggo, ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Kullum kafin in haɗa Turancin a kaina an wuce wurin. Ranar na gane tambayar duka, kuma ina da amsa. Na tuna kirarin da kakata Hajiya Babba take yi mini in na yi abin kirki: "Jikar mai bayi arba'in, gidanku ba a kwana da yunwa." Na ɗaga hannu. Na ce kakan kakana yana da bayi arba'in. Da murmushi na faɗa, yadda Hajiya take faɗa. Har na ƙara da cewa shi ya fi kowa a unguwarsu.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi. Malama ta ce, "To, mun gode, Salwa," ta juya ga allo. Confidence tana gefena, ba ta kalle ni ba sai da aka tashi. Ta ce, "Kin san sunayensu?" Na ce, "Su wa?" Ta ce, "Arba'in ɗin." Na ce a'a. Ta ce, "Wanda ya loda Sally Wren ma ya fi ku, shi ya rubuta." Ta ɗauki jakarta. Tun ranar jakar ce ke zaune kusa da taga.

Wallahi ban taɓa haɗa su a kaina ba. Na ɗauka bayin kirari daban, kamar rumbuna da shanu da ake lissafawa, mutanen takardar nan kuma daban.

Gwaggo, ke ƙanwar marigayi Alhaji kakana ce, a gidan kika tashi, kuma kin koyar a firamare shekara talatin. Ko kin san sunayensu? Ko na mutum biyar ne. In na kai mata, wataƙila ta sake yi mini magana.

'Yarki,
Salwa

Zariya
2 ga Nuwamba

Salwa,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, gwiwa da sauƙi. Na ga takardarki, na karanta ta sau uku. Kada ki tambayi babanki wannan magana, kada ki tambayi Hajiya. Ki dakata tukuna. Alhaji Tassiou yana tsaye a zaure yana jira, ba zan iya rubuta fiye da haka ba.

Zahara

Glenwood, Greensboro
27 ga Nuwamba

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, gwiwa ta ƙara sauƙi. Baba ya yi mura kwana huɗu, ya warke. Mama lafiya. Bishiyoyin layinmu duk sun zubar da ganye.

Na karɓi takardarki. Layi biyar ce. Na duba bayanta, na duba cikin ambulan ko wata ta maƙale. Duk wasiƙunki na baya "Gwaggonki" kike sa hannu, wannan kin rubuta "Zahara" kawai. Na gane. Na fitar da maganar gida waje, na kunyata mu a gaban baƙi. Ki yi haƙuri. Kin ce in dakata, ban sani ba ko da tambayar kike nufi ko da rubuto miki gaba ɗaya. In na biyun ne, ki yafe mini wannan ɗaya. Wata mata daga masallaci za ta tafi Kaduna, ita zan ba.

A makaranta wasu 'yan mata sun sa mini suna Gimbiya Arba'in. A ɗakin cin abinci ɗayarsu takan rusuna ta ce, "Ranki ya daɗe, a ɗauko miki tire, ko kin zo da naki mutanen?" Sauran su tuntsire da dariya. Confidence ba ta shiga. Rana ɗaya ma ta ce, "Ku ƙyale ta," ba tare da ta ɗago kai daga farantinta ba. Wannan ya fi tsokanar ciwo. Yanzu a lungun laburare nake cin abincina, bayan kantar taswira.

Na yi wa Mama ƙarya. Na ce kakan Confidence ba shi da lafiya, shi ya sa ba ma zuwa ranar Asabar. Ta ce, "Allah sarki, tsohon kirki. Wai ina ƙawar taki mai surutun nan? Gida ya yi shiru, kunnena har ya huta ya gaji." Ta soya cincin cike da roba ta ce in ba Confidence ta kai masa. Yana cikin akwatina na makaranta har yau. Ba zan iya ba ta ba, ba zan iya ci ba.

Malama ta kira ni. Ta ce ta san ba da mugunta na faɗa ba. Ta ce in ina so za ta raba aikin, kowa ta yi nata daban, kada a tilasta mana tsayawa tare a gaban iyaye. Ta tambayi Confidence, ita ta ce duk ɗaya. Ni ta ba ni zuwa ƙarshen Fabrairu in yi shawara. In aka raba, na san shi ke nan. Ba sauran abin da zai sake haɗa mu.

Ban daina karanta labarin jirgin ba, ban san dalili ba. Ramin da ake zuba kaya a cikinsa tsayinsa ƙafa huɗu ne. Nan aka sa su, inda warin kwalta bai taɓa fita ba. Tafiyar kwana goma sha tara ta ɗauka, don iska ta ɗauke musu sau biyu. Takardar ta ce tsayin Hetty ƙafa huɗu da inci ɗaya. Na auna a bangon ɗakina da fensir. Ko ita ba ta iya miƙewa sosai ba.

Ina ci gaba da ɗinkin ƙyallayen. Na gama babban, saura uku.

Ki gaida Hajiya, amma kada ki ce daga takarda.

Salwa

Glenwood, Greensboro
15 ga Janairu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu lafiya, sai sanyi.

Wata biyu da rabi ke nan. Ranar Lahadi Baba ya kira Hajiya, na ji muryarki daga nesa kin ce, "A gaida Salwa." Baba ya miƙo wayar, na shige banɗaki na kunna famfo.

Na kai ƙarshen labarin Sally Wren. A shekarar 1841 guguwa ta jefa shi kan yashi kusa da gaɓa, ya rabe biyu. Mutum biyar ɗin duk sun tsira. Mutanen ƙauye suka kwashe katakon suka yi rufin ɗaki, ƙararrawarsa kuma aka rataye ta a wata makaranta. Takardun sun faɗi inda ƙararrawar ta ƙare. Ba su faɗi inda Hetty ta ƙare ba.

Ba sai kin ba ni sunayen ba. Na janye tambayar. Ki rubuto ko faɗa ne.

Salwa

Zariya
4 ga Fabrairu

'Yata Salwa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida babanki da mamanki Ruƙayya. Ki ce mata ta riƙa jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri. Hajiya lafiya. Ni an yi mini aikin ido a Disamba, an cire yana, likita ya hana ni karatu mako shida. Na hana a gaya muku don kada hankalin babanki ya rabu. Takardunki biyu suka zo suka tarar da ni da bandeji, na sa su ƙarƙashin matashi. Ba irin waɗanda zan ba wani ya karanta mini ba ne.

Wannan rabin dalili ne. Ɗaya rabin, kafin aikin idon sau huɗu ina fara rubuto miki ina yagewa.

Ba fushi na yi ba, ke da shirme. Kin taɓa ganin na yi fushi a layi biyar? Ki tambayi waɗanda na koyar.

Kin rubuta cewa ni ƙanwar kakanki ce. Ba haka ba ne. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba. Kin nemi suna biyar, ɗaya na sani. Alheri. Ita ta haifi uwata.

An kamo ta daga duwatsun kudu tana yarinya, haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba. Kwana tara suka yi a ƙafa. Ita ba jirgi, ba takarda. A gidanku aka sa mata Alheri. Sunan da uwarta ta raɗa mata, ta ce mini ta manta. Ban yarda ba, ban kuma matsa mata ba. Da aka ce bauta ta ƙare tana da 'ya'ya uku, ba ta san hanyar garinsu ba. Ta zauna. Uwata ta zauna. Ni ma ga ni.

Kakanki Alhaji, Allah ya jiƙansa, tare muka tashi. Da ya zama mai gida ya hana kowa ambatar maganar, ya tsaya mini na yi kwalejin malamai, ya ce 'ya'yansa su riƙa ce mini Gwaggo. Ban ga sharrinsa ba ko sau ɗaya. Amma ki tuna da kyau. Kin taɓa ganina zaune a kan dardumar Hajiya? Sa'anni ne mu, na girme ta da wata uku ma, amma ni nake cire takalmi tun daga bakin rijiya in durƙusa in gaishe ta. Ba wanda ya ce in yi. Ba kuma wanda ya ce in bari.

Kirarin nan, sau nawa aka yi miki shi kanki yana kan cinyata ina miki kitso? Hajiya tana daga ƙofar ɗaki tana rangaɗawa, ke kina washe baki. Ita ba da mugunta take yi ba, haka ta taso ta ji ana yi. Ni kuma nakan ci gaba da kitsona. Na koya miki karatu, na koya miki allura, wannan ban koya miki ba. Saboda haka kunyar da kike ɗauke da ita, rabi tawa ce. Ranar da Alhaji Tassiou yake jira a zaure na zo sa hannu, sai hannun ya ƙi rubuta Gwaggo. Ba ke na cire ba. Kaina na tsaya dubawa.

Yanzu ga shawara, don ba na son ki ƙare shekara a bayan taswira. Ki kai wa ƙawarki wannan takarda, ki juya mata da Turanci. Ki ce wadda ta raine ki jikar baiwa ce. In ta kama, ki ce jininku ɗaya da ni, ba wanda zai zo Zariya bincike. Ki ce ke ma jikar Alheri ce, ba ki sani ba sai yanzu. Zuciyarta za ta sauko, su ma 'yan tiren su rufe baki. Na yarje miki. Mu da ma aikinmu ke nan a gidan, in yaro ya yi ɓari mu kwashe.

Ƙyallayen nan na jirgi filafilai ake ce musu. Ki ninka bakin sau biyu kafin ki ɗinka, in ba haka ba zai zare. Cincin ɗin kuma ki zubar, ya isa. Rubutunki ya fara kwanciya kamar na likita, ki gyara.

Gwaggonki, in har yanzu kina so,
Zahara

Glenwood, Greensboro
23 ga Fabrairu

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara hasken ido. Ki riƙa sa maganin a kan lokaci, na san ki da mantuwa in abin naki ne. Mu lafiya. Mama ta gwada ruwan gishirin, ta ce a yi miki godiya.

Ina so. Kada ki sake tambaya.

Na karanta takardarki a laburare, na kifa kai a tebur har mai kula da wurin ta zo ta ce ko in kira gida. Na aiko miki tambayar nan kamar na aike ki kasuwa, in kin samu biyar ki kawo. Na tuna ranar da na dawo daga makaranta na cire safa na miƙa miki ban ko kalle ki ba. Na tuna bakin rijiyar. Kullum ina ganin takalmanki a wurin, na ɗauka zafi ne ke damun ƙafarki.

Gwaggo, na yi yadda kika ce, rabi. Na juya takardar da Turanci, kwana uku ina yi da ƙamus. Na ninke ta, na je har gaban akwatin Confidence na makaranta zan zura. Na san zai yi aiki. Confidence bakinta ne kawai mai kaifi, kukanta kusa yake. Da ta karanta za ta zo ta rungume ni, ranar Litinin in koma kusa da taga.

Sai na tsaya a wurin har aka shiga aji. Na koma na yage ta Turancin. Taki tana nan a cikin jakar sallayata.

Alheri ba kakata ba ce. Ni jikar wanda ya sa mata sunan ce. In na shiga bayanta na ɓuya, na sake karɓar wani abu daga hannunta ke nan ba a tambaye ta ba. Ke kin yarje, na gode, amma wannan ɓarin ba ke za ki kwashe ba. Ba zan faɗi sunanta a makaranta ba. Na fara sa ta a addu'a bayan salla, ita da Hetty. Ban san ko su wane ne sauran talatin da tara ba, nakan ce "da sauran."

Yau da aka tashi na tsaya wurin malama na ce kada a raba aikin. Ta ce, "Kin yi magana da Confidence?" Na ce, "Gobe." Ta ce to.

Da Baba ya dawo na ce ya kai ni Pleasant Garden da safe. Ya ce, "Alhamdu lillahi, tsohon ya warke ke nan?" Na ce, "Bai taɓa ciwo ba, Baba." Ya ajiye cokali ya dube ni. Ya ce ƙarfe goma.

Ban shirya dogon Turanci ba, don na san zai gudu ya bar ni. Magana uku ce. Abin da na faɗa a aji gaskiya ne. Na faɗe shi ina murmushi. Ba ni da wani uzuri da zan kawo. A gaban kakarta zan faɗa, don ita ce 'yar garin da jirgin ya tashi, kuma ita ta riƙa zuba mini abinci duk Asabar. Ban san abin da za su ce ba. In Confidence ta ce ita tana so a raba, hakkinta ne, zan bar mata filafilan in dawo.

Gidansu yana can ciki, nesa da titi, sai an bi wata doguwar hanyar tsakuwa. Na ce wa Baba ya sauke ni a bakin titin ya tafi, kada ya jira.

'Yarki,
Salwa